Yadda Aka Cinye Mini Haruffa Tsakanin Gummi da Anka

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Tun da na dawo daga Gummi abokaina malamai suka sa ni gaba, a kasuwa, a ƙofar masallaci, har a wurin zaman makoki an taɓa jan hannun rigata ana cewa, "Labbo, wai mi ka gano can?" In na fara ba da labarin sai su kama dariya tun ban kai ga abin da ya kai ni ba, alhali ni ba wasa na je yi ba. Na sha ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce aji bakwai na firamare ba, ina jin nauyin masu ilimi su ga rubutuna. Ban da haka, akwai mutanen kirki a cikin labarin da suka yi mini ɓarna ba da sani ba, ba na so su ga kamar na kai ƙararsu gaban duniya. Na tambayi limaminmu ko wannan zai zama yi da mutum. Ya ce wanda ya yi mini alheri in faɗi sunansa, wanda ya yi mini ɓarna in sakaya. Matsalar ita ce yawancinsu sun yi duka biyun. Saboda haka mafi yawa na sakaya, Allah ya san su, shi zai saka musu.

Ni malamin wucin gadi ne a wata ƙaramar makaranta kusa da Anka. Da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta, yara suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan, sai aka ɗebi irinmu aka ba mu alli. Yanzu kuwa masu takardar koyarwa sun fara fitowa daga kwaleji. Wata rana hedimasta ya kira ni ya ce sufeton makarantu zai zagayo bayan girbi, kuma duk ajin da ya tarar yara ba su san haruffa ba, malaminsu na wucin gadi sai gida. Ni ke riƙe da Innata da ƙannena.

Ba wai yarana ba su da ƙoƙari ba ne. In na ɗaga sanda na ce mu je, sai su ɗauko daga A har Z da waƙa mai daɗi, har matan da ke dawowa daga rijiya su tsaya saurare. Amma idanunsu na kan taga. In na nuna harafi guda a tsakiyar allo na ce mene ne wannan, shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Rannan don in gwada su na goge allon tas, na riƙa bin sa da sanda. Suka karanta mini allon da babu komai a kansa, daga farko har ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya.

Ina cikin wannan hali na haɗu da wani mai busasshen kifi daga Gummi a kasuwar Anka. Ya ce 'yarsa da ba ta gama famfara ba tana karanta rubutun jikin motoci, kuma malaminsu wani ne Malam Nomau, a wani ƙauye hayin gulbi. Na ce yaya yake koya musu?

"Wallahi malam ban sani ba," in ji shi. "Ni dai na ga ɗiyar ta iya karatu, ta kuma yi kumatu."

Hedimasta ya yarda ya haɗa ajina da na wani, ya ba ni 'yan kwanaki, ya kuma kwatanta mini gidan kawunsa a Bukkuyum inda zan sauka. Inna ta ƙulla mini guzurin hoce, wainar dawar nan, a tsumma, tana faɗin Gummi ƙasar ruwa ce, mu kuwa a zuriyarmu ba wanda ya taɓa iyo. Ban taɓa wuce ƙasar Anka ba sai wannan karon.

Da sassafe na isa tasha, motar ba ta tashi ba sai da rana ta take tsaka. A-kori-kura ce, an loda mata buhuna da awaki da mutane a kan buhunan. Na zagaya ta na duba ƙafafunta, sannan na tambayi direban cikin ladabi ko birkinta yana kamawa.

"Shina kamawa in an roƙe shi," in ji shi. "Malamin boko na? Taho gaba ka zauna kusa gare ni, kak ka yi muna amai bisa hatsin mutane."

Wannan karamci ne, don gidan gaba na manya ne. Sai da muka tashi na gane ƙofar gefena da igiya ake ɗaure ta, igiyar kuwa ta tsinke tun jiya. Da hannuna na riƙe ƙofar har Bukkuyum. Direban ya tambaye ni abin da zan yi a Gummi, na gaya masa. Ya ce, "To in ka samo, a yo muna tsaraba." Na ce, "To, in sha Allahu."

A nan ne na fara kuskure, kuma ina so mai karatu ya lura. Kowa ya san in matafiyi zai tafi ana ce masa a yo tsaraba, shi kuma ya ce to, maganar ta wuce. Ni ban iya haka ba. Tun ina yaro aka koya mini alkawari kaya ne, in kuwa mutum ya haɗa da in sha Allahu, ai ya sa shaida. Na so in ce "sai yadda ta yiwu", amma bakina ya riga ni.

A iyakar ƙasarmu akwai shinge, gora ce aka gitta a kan ganguna biyu, da wani mai kaki yana zaune a inuwar marke. Ya leƙa bayan mota ya taɓa buhuna, ya zo gaba ya ga ina rungume da ƙofa.

"Kai kuma mi ka ɗauko?"

"Ba komai, ranka shi daɗe. Ɗaukowa za ni."

"Mi?"

"Ilimi."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya shiga rumfarsa ya fito da guntun waya ya ɗaure mini rabin ƙofar. "In ka samo ka rage muna," in ji shi, "mu ma muna da ɗiya." Na ce, "To, in sha Allahu." Wayar ta kwance kafin mu yi nisa, amma niyyarsa ta alheri ce.

Kawun hedimasta dattijo ne, malamin allo, mai farin gemu da yawan murmushi. Ya sa aka share mini zaure aka shimfiɗa tabarma. A gidanmu baƙo tare muke sa hannu da shi a akushi. A gidan nan kuwa ajiye masa ake yi a fita a bar shi shi kaɗai, wai don kada kunya ta hana shi ƙoshi. Ni kuma kaɗaicin ne ya ɗaure mini kai. In na cinye a ce malamin Anka mayunwaci ne. In na rage da yawa a ce na raina tuwon gidan. Na ci rabi, na gyara gefen saura ya yi kyau. Da aka ɗauke akushin sai ga shi an dawo da wani, wai uwargida ta ce tun da baƙo bai son miyar kuka ga ta kuɓewa. Wannan na cinye shi duka don in wanke kaina. Sai aka ce ashe kuɓewa yake so, aka ƙaro. Da safe ban iya sunkuyawa ɗaura takalmi ba. Dattijon ya raka ni bakin hanya ya ce in na dawo lalle in biyo, kada kuma in manta da mutanen cikin gida. Kun san abin da na ce.

Gummi gari ne na shinkafa da kifi. Abin da muke ajiye wa ranar salla, wato tuwon shinkafa, su shi ne na kullum. Na ga yaro yana tafe yana gatsar kifi kamar yadda namu ke gatsar rogo. Mu in an gaisa sai a ce ina ruwa, ana nufin na sama. Su in sun ce ya ruwa, gulbi suke nufi, ko ya ƙaru ko ya janye. Sauronsu kuwa da rana tsaka yake aiki, ba ya jiran magariba.

A bakin gulbi na tarar da mai jirgi, wani ƙaƙƙarfan mutum mai muryar gangi. Na tsaya na bar jirgi ya tafi ya dawo ina kallo, don in tabbatar yana dawowa. Da na shiga na ga ruwa a cikinsa har idon sawu. Na nuna masa.

"Wanga namu na, na cikin gida," in ji shi. "Na waje shi aka tsoro." Ya miƙo mini ƙoƙo. "Riƙa kwalhewa, malam, shi ka hana tunani."

Gaskiyarsa. Ina kwalfewa ina salati har muka kai hayi, ban ɗaga kai na ga faɗin gulbin ba, saboda haka masu tambayata yadda yake su yi haƙuri. Da na sauka ya ƙi karɓar komai, ya ce ba ya karɓar na malamai, in dai na dawo in tuna da shi.

Makarantar Malam Nomau rumfar zana ce a gindin tsamiya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Yara cike da rumfa, ba mai kallon waje, duk sun zuba ido a kan wani faifai da aka rufe da ƙyalle a kan tebur. Malam Nomau gajere ne mai fara'a. Na gaya masa daga inda nake da abin da ya kawo ni, ya ce in zauna a kan turmi in gani da idona.

Ya yaye ƙyallen. Sai ƙamshi ya bugi hancina. Ƙuli-ƙuli ne, amma ba irin zoben da muka sani ba. Kowane guda an murza shi an lanƙwasa shi ya zama harafi, aka soya. Ga A da ƙafafunta, ga B da cikinta biyu, ga Ƙ da ƙugiyarta. Ya ɗaga guda sama.

"Mi a dokar aji?"

Suka amsa baki ɗaya, "Wanda ya hwaɗi shi ka ci!"

"Wanda ya ci bai hwaɗi ba fa?"

"Ɓarawo na!"

Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Ya nuna wata yarinya, ta ce T. Ya miƙa mata, ta jujjuya shi, ta bi shi da yatsa, sannan ta gatsa. Wani yaro ya kira D da B, aka mayar da harafin faifai yana kallo, har da ƙwalla. Na rantse wannan yaron ba zai sāke rikita su ba har ya tsufa. Waɗanda suka yi gaba kuwa haɗawa suke yi. Wanda ya haɗa baƙi da wasali ya karanta ya ci biyu, wanda ya jera kalma ya kwashe ta duka. Akwai wani mai ƙaton ciki da ba ya ɗaga hannu a kan ƙananan kalmomi. Malam Nomau ya ce tun makon jiya yake haƙon "makaranta".

"Mai haɗama ya fi saurin karatu," in ji shi. "Ni ban da sanda. Faifai ya ishe ni."

Na ce wa ke ɗaukar nauyin wannan? Ya ce ba nauyi. Iyaye ke aiko da 'yar gyaɗa, matarsa Tumba ta soya ta niƙa ta matse, man nata ne, tunkuzar ta makaranta. Kowa ya gamsu.

Na kwana biyu a gidansu, ina bin Tumba da tambaya daga bayan zana. Gishiri nawa? Ana sa yaji? Kaurin yatsa ko na kara? Yaya ake hana kiyashi? Ita ba ta yi boko ba, sunayenta daban take kiran su: H tsani ne, E matsefi, S kuwa macijin nan mai karyewa cikin mai. Da na dame ta sai ta ce, "Malam, wai kai za ka soya ko Innarka?" Na ce Inna, kuma ba ta san harafi ko ɗaya ba. Ta ce to bari ta soya mini cikakken jeri in kai mata ta riƙa dubawa. Ta soya su manya, ta jera a langa, ta rufe ta ɗaure da ƙyalle. Na rungumi langar kamar jariri.

Na yi tunanin mutanen da na yi wa alkawari. Kada a ce ban yi dabara ba: kafin in bar ƙauyen na sayi ƙuli-ƙuli na zobe ƙulli guda, na ce wannan shi ne tsaraba, na langa kuwa kayan aiki.

Muna tsakiyar gulbi mai jirgi ya ɗaga hanci. "Ƙamshin Tumba nika ji."

Na miƙa masa na zobe. Ya kalle shi ya kalli langa. "Wanga ko'ina akwai shi. Mi a cikin waccan?"

Ƙarya ba halina ba ce. Na yi masa bayani dalla-dalla, har da dokar aji. Nan take jirgin ya ɗauka. Wata mata mai goyo ta ce ashe shi ne ƙulin da yara ke ci kansu ya buɗe. Na ce a'a, ba cin ne ke buɗe kai ba, dubawar ce. Ba wanda ya saurare ni. Mai jirgi ya daina tuƙi, ya dogara da gorarsa, jirgi ya fara bin ruwa a karkace.

"Ba ni wanda ba a cika aiki da shi ba," in ji shi. "Ina da wani ɗa, kai nai kamar dutsi."

Ba a gardama da mai jirgi a tsakiyar gulbi. Na kwance ƙyallen, na ba shi Z, don ita ce ta ƙarshe. Kafin mu kai gaɓa na tuna da zuma da zomo da Zamfara kanta. Mai goyo ta samu Y. Wani tsoho ya miƙo hannu, ya girmi mahaifina, na ba shi W. Na ce a raina, daga ƙarshe nake bayarwa, in na tsira da na farko ai da sauƙi.

A tashar Gummi na ci karo da direban nan na a-kori-kura, ya kawo lodi zai koma, na shiga motarsa. Ya karɓi tsarabarsa, ya zaɓi D da kansa wai ta direba ce, ban san wa ya gaya masa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne bakinsa. Duk ƙauyen da muka tsaya sai ya leƙa ta taga ya ce, "Ga malamin da ya ɗauko rubutun ci!" Mata suka riƙa fitowa da yara a hannu. Ina miƙa na zobe suna turewa. "Mai rubutun muka so, malam, ko ɓalli ɗai." Wata ta ajiye mini ƙwai a cinya ta tsaya tana kallona. Yaya mutum zai yi da wadda ta riga ta ba shi ƙwai?

A Bukkuyum wani abu ya daɗa damuna, wanda tun a rumfar Malam Nomau yake cina a rai. Mu da muka yi karatun allo an hore mu da girmama harafi, ko takarda muka gani a ƙasa sai mun ɗauke. To ya halatta a tauna shi? Bayan la'asar na tambayi dattijon mai masaukina. Ya shafa gemu, ya ce a kawo ya gani. Ya ɗauki guda ya duba gaba da baya.

"Wanga wane na?"

"L ce, malam. Da ita sunana ya fara."

Ya yi bisimilla ya gatsa. Ya tauna a hankali idonsa a rufe. "Rubutun allo da ya fi wanga daraja wanke shi mukai mu sha," in ji shi. "In an sha wancan, mi za ya hana a tauna na boko? Halal na." Ya ƙara miƙa hannu. "Amma ba a yanke hukunci da shaida guda." Ya ɗauki N.

Hankalina ya kwanta ta wajen addini, ya tashi ta wajen langa. Ga kuma mutanen cikin gida da suka yi mini tuwo har uku. Na aika musu da na zobe, yarinyar da ta kai ta dawo da shi, wai uwargida ta ce ta ji labari, ita ma tana da jikoki. Aka shiga da langar cikin gida, inda ba ni da ikon bi. Na zauna a zaure ina jin ƙarar murfinta.

Mai shinge ya gane ni tun daga nesa. "Malam! Ina ilimin?" Na buɗe masa langar. Ya leƙa ya ce, "Ashe ilimin kaɗan na." Ya ɗebi biyu, ya sara mini, ya ɗaga gora.

Duk da haka na iso gida da 'yan kaɗan a gindin langa, da gutsattsarin wasu da nake ganin in an haɗa za a gane su. Na ajiye a ƙofar ɗakin Inna na ce bari in yi salla in zo in yi mata bayani. Na yi alwala a natse, don ban yarda da wadda na yi a hanya ba, na rama abin da ake bina. Da na sallame sai na tarar da yaran maƙwabta suna fita kowa baki na motsi, Inna kuwa tana dakan wani abu a turmi.

"Inna, ina abin da ke cikin langa?"

"Tsarabar? Na raba. Kai da ka tahi har Gummi, a ce maƙwabta ba su ga komi ba? Karyayyin na daka muna datu da su, kwaɗon ganyen nan. Amma matan Gummi ba su iya murza ƙuli ba, duk a karkace."

Na duba langar. Saura guda ɗaya, ta ajiye mini don in ɗanɗana. O ce. Wato zoben da kowace mace a ƙasar Anka ta iya tun ba a haife ni ba.

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, amma na kusa. Da na gaya mata duk abin da ke nan, da maganar sufeto, ta yi salati ta riƙe haɓa. Can ta ce, "To kai ba ka san kamannunsu ba? Zana min ga ƙasa." Na ɗauki kara na zana A. Ta gutsuro tunkuza ta murza, ta ɗora a kan zanen, ta ɗaga. A ce sosai, har ta fi ta Tumba tsayuwa.

"Wanga shi ka ratsa gulbi ɗaukowa?" in ji ta.

Iyayen yara suka aiko da gyaɗa, Inna ta riƙe mai. Na kafa dokar aji kamar yadda na gani. Cikin 'yan makonni idanun yarana suka dawo daga taga.

Sufeto bai aiko da sanarwa ba. Da hantsi muka ji babur, sai ga shi ya shigo da hedimasta a bayansa, dogon mutum da tabarau, ƙura har gira. Yara suka miƙe suka gaishe shi. Na ba shi kujerata. Faifan yana kan tebur, na riga na yaye ƙyallen. Ya dube shi ya ce, "Kai, madalla, ko karyawa ban yi ba." A ganinsa abin taryar baƙo ne, kuma ba laifinsa ba ne, haka aka saba. Ya yi bisimilla ya kai guda baki. Wa zai ce wa sufeto ajiye?

Sai wata 'yar ƙarama mai suna A'i ta miƙe cikin haushi.

"Malam! Baƙo ya ci M bai hwaɗi ba!"

Ya kai hannu ga na biyu bai gane da shi ake ba. Aji ya rikice. "Ya ɗauki R!" "R ta, ni nis san ta, tawa ta!" Daga baya wani ya faɗi ragowar dokar, kalmar nan da ba zan maimaita a kan babban mutum ba. Hedimasta ya dafe bango. Ni kuwa na fara tunanin ko gonar kawuna tana buƙatar hannu.

Sufeto ya tsaya da tauna. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi faifai, ya cire tabarau ya sāke dubawa. Ya ɗaga guntun da ya gatsa. "Wannan fa?"

"Rabin R!"

Ya yi dariya har ya ƙware, aka kawo masa ruwa. Sannan ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya suna faɗa, yana miƙa wa mai rabo. Ya haɗa biyu, suka karanta. Ya jera kalma, A'i ta karanta ta kwashe.

Sai ya miƙe ya ɗauki alli ya rubuta harafi a allo, irin wanda suka gama faɗa yanzun nan. "Wannan fa?"

Shiru. Ya sāke tambaya. Suka dubi allo, suka dubi faifai da ya zama wayam. Wani yaro a gaba ya ce cikin ladabi, "Wanga ba a cin shi."

Har yau ban sani ba ko ba su gane shi ba ne, ko kuwa sun gane sun ƙi faɗa a banza. Sufeto ya kakkaɓe hannunsa ya ce wa hedimasta a bar ni da ajina, yaran sun san haruffa, ya gani da idonsa ya kuma ji a bakinsa. Amma zai dawo zango mai zuwa, kuma a littafi yake so su karanta masa. "Littafi kuwa ba a soya shi, Malam Labbo," in ji shi. "Ni ma zan karyo daga gida."

To jama'a, dalilin da ya sa na daure na yi wannan rubutu ke nan. Na tambayi gidan Malam Nomau gishiri, na tambayi yaji, na tambayi kiyashi, amma ban tambayi yadda yake yaye yara daga faifai zuwa littafi ba, alhali 'yan ajinsa har rubutun mota suna karantawa. Na aika a tambayo mini, aka ce an yi masa canjin makaranta, ba a san ko ina ba. Gyaɗar iyaye ta fara ƙarewa, zango kuma yana matsowa. Duk wanda ya san inda aka kai Malam Nomau mijin Tumba, ko wani malami da ya taɓa yin irin wannan yaye ya yi nasara, don Allah ya aiko mini ta hannun masu zuwa kasuwar Anka, a ce a gaya wa Labbo malamin ƙananan yara. Saƙon baki nake roƙo. Abin da za a iya taunawa ba zai iso ba.